Baba Ladan da Kafaɗar Mai Walda

Kafin kowa ya motsa a layinmu, Baba Ladan ya riga ya buɗe masallaci. Yakan rataye kwaɗon a ƙusar bayan ƙofa, ya kakkaɓe tabarmi, ya cika butoci ya jera su a gindin famfo, bakinsu duk yana kallon gefe ɗaya. In ka ajiye buta a karkace ba zai ce maka komai ba, ido kawai zai zuba maka har ka koma ka gyara. Shekara talatin da takwas yana wannan aiki. Waɗanda muryarsa ta fara tasa sallah suna yara, yau su ke riƙo hannun nasu 'ya'yan.

Masallacin ƙarami ne, tsakanin shagon tela da rumfar mai walda. Sahu huɗu yake ci. Da la'asar, in ma'aikata sun taso, sai an shimfiɗa tabarmi har bakin titi. Na waje ba sa ganin Liman, in an ɗauke wuta kuma ba sa jin sa. Nan aikin Baba yake: Liman ya yi kabbara, shi ya ɗaga ta da ƙarfi, na waje su bi. Ba abin da ya tsana irin a riga Liman ɗagowa. Mai walda ya fi kowa shan faɗa a kan haka. "Kai, ina za ka?" in ji Baba. "Ba kai ke tuƙi ba. Ka bar gaggawarka can wajen takalma, ka bari a ja ka."

Tela ma yana da nasa labarin. Da matarsa ta rasu ya daina shiga mutane, sallah ma a bayan keken ɗinki yake yi. Baba bai yi masa wa'azi ba. Kullum dai zai leƙa ya ce, "Wurinka na nan kusa da taga." Wata biyu yana faɗin haka, har ran da tela ya ajiye almakashi ya bi shi.

Sai kunnen Baba ya fara nauyi, ya ɓoye. Inna, matarsa, ita ta fara ganewa.

"Malam, sau uku ina kiran ka."

"Na ji. Tunani nake yi."

"To, Allah ya ba tunanin nan lafiya."

Wata Laraba da la'asar aka ɗauke wuta. Ana sujada ta ƙarshe, Liman ya ɗan tsawaita. Wani ya yi tari a sahun gaba, Baba ya ɗauka kabbara ce, ya ɗaga murya: "Allahu akbar!" Sahu uku na waje suka ɗago, alhali goshin Liman yana ƙasa. Da aka sallame, Liman ya ce kuskure ne, kowa na yi. Ba wanda ya yi dariya. Amma Baba ya san abin da ya faru: shi mai hana mutum ɗaya riga Liman, yau ya ja kusan mutum talatin sun riga shi. Ya miƙa wa tela makulli, ya sa takalmi, ya tafi.

Kwana huɗu ba a gan shi ba. A ɗaki yake sallah shi kaɗai. Mu dai tsoronmu kada ya tafi ke nan.

Mai walda ne ya je gidan, da kayan aikinsa a jiki. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya ɗaga murya.

"Baba, butoci duk sun karkace!"

"Ku gyara."

"Mun gyara, ba su yi ba."

Baba ya ce, "Ɗana, ba na jin Liman. Yaya zan bi abin da ba na ji?"

"Ka tsaya gefena, kafaɗarka a jikin tawa. In na sunkuya ka sunkuya, in na ɗago ka ɗago."

"Kai? Kai da ka fi kowa riga Liman?"

"To ai ka ga yanzu dole in nutsu. In na yi gaggawa, mu biyu na kayar."

Inna ta leƙo daga kicin. "Don Allah tafi da shi. Tun shekaranjiya yake jera min tukwane, hannuwansu duk gefe ɗaya."

Ranar Baba ya dawo. Ya karɓi makullinsa, ya ci gaba da kiran sallah da agogonsa, amma ɗaga kabbara ya bar wa tela da bakinsa. Ya shiga tsakiyar sahu ya jingina kafaɗa. Da aka idar ya daɗe a zaune, sannan ya ce wa Liman, "Shekara talatin da takwas ina cewa a bi. Ashe ban san daɗin abin ba sai yau."

Baba Ladan, mabuɗin asubarmu, kai ne ka koya mana cewa mai tsayawa gaban Allah cikin jama'a ba da kunnensa ko wayonsa yake tafiya ba, sakin kansa yake yi a ja shi. Ka koyar da baki, da lokaci ya yi kuma ka koyar da kafaɗa. Mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara maka lafiya, ya bar mana kai.

Mu kuma da ke karanta wannan, in wani ya ɓace daga sahu, kada mu jira labari, mu je ƙofarsa. In mu ne muka gaza, kada kunya ta hana mu jingina. Duk wanda ke shakka ya zo la'asar ya duba sahu na biyu. Zai ga tsoho da ƙaton mai walda suna sunkuyawa tare, kuma tun daga ranar ba wanda ya sake ganin mai walda ya riga Liman.