Gawon da Aka Gani daga Sama

Gonar da muka gada, ni da ƙanena, tana yamma da Taura, kuma cike take da gawo. Mahaifinmu bai taɓa yarda a sare ko ɗaya ba. Da rani gawo yake ganye, da damina ya kaɗe ya bar wa gero rana.

Wani rani ma'aikatan gandun daji suka zo ƙofar gidan mai unguwa da taswira. Suka ce tauraron ɗan'adam ne ya ɗauki hoton ƙasarmu daga sama, aka ware gona daban, fadama daban, daji daban. Inda ya fito daji za a kewaye, a hana noma. Lokacin ina shekara ta biyu a ajin yaƙi da jahilci, sai na matsa na bi rubutun da yatsa. Gonakin maƙwabta duk ruwan ƙasa. Tamu kore shar, an rubuta mata "daji".

Na ce wa babbansu, "Yallaɓai, nan nake noma gero tun ina saurayi."

Ya ce, "Malam, na'ura ba ta san ka ba. Kore ta gani."

"Yaushe ta gani?"

Ya duba takarda. "Tsakiyar rani."

"To, a tambaye ta abin da ta gani da damina."

Mutane suka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya ce zai nemo hoton damina, mu ba shi lokaci.

Ni na iya jira, ƙanena bai iya ba. Ya ce, "Yaya, takarda in ta shiga ofishin gwamnati a Dutse sai dai ka ji labari. Kore suka gani, mu rage koren." Na ce ya bari. Ranar da na tafi kasuwar Ringim ya kira masu gatari. Kafin in dawo biyar sun kwanta, har da babban da muke sallar azahar a gindinsa.

Bayan sati uku ma'aikacin ya dawo, har gona. Ya nuna mini hoton damina a wayarsa: tamu ba ta da bambanci da ta kowa. Ya ce an gyara, gona ce. Sai ya ɗaga kai ya ga kututturan. Ya juyo ya tambaye mu.

"Wa ya yi wannan?"

Ƙanena yana gefena, kansa a ƙasa. Na ce, "Mu ne."

Gonar tana hannunmu har yau. Amma wajen da itatuwan nan suka faɗi babu ganyen da zai zuba ya zama taki, kuma gero bai ƙara kai mini ƙirji a wurin ba.