Tokar da Yaya Bitrus Ya Zuba a Lambu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Yaya Bitrus, kuma bana ce ta farko da tuna shi ya hana ni sukuni.

Garinmu ɗaya, shi ya tarbe ni da na zo karatu birnin Greensboro a ƙasar Turawa. A tashar wutar lantarki mai ƙona kwal yake aiki. Mutum ne da ba ya iya ganin abu zube a banza. Da ya ga tulin toka a wurin aiki, sai ya tuna yadda a gida ake watsa tokar murhu a gona. Ya riƙa kwasowa a bokitai zuwa lambunsa a garin Pleasant Garden. Ni ke watsawa, ni mai taƙama da digiri na biyu, ban taɓa tambayar komai ba. Yakuwa da kuɓewa suka yi kyau, har layin karɓa ake yi a coci.

Yau an ɗaure tashar da dokar hayaƙi, ta fi ƙona gas, tokar kuma binne ta ake yi saboda gubar da ke ciki. Da yana raye, musu zai fara yi, ya ce tsoro ya yi wa Turawa yawa. Bayan nan me zai yi? Wannan ne ban sani ba.

Matarsa, Anti Saratu, har yanzu tana noma lambun tana rabawa, jikoki na ci. Watan jiya na ɗebi ƙasar a ɓoye na kai gwaji. Sakamakon bai yi daɗi ba. Kwana tara takardar na cikin motata, ina kai da komo a titin Gate City Boulevard, kunya da tsoro sun hana ni zuwa.

Ranar Asabar na same ta tana tsinkar yakuwa.

"Anti, na kai ƙasar nan test. Akwai guba, daga tokar ce. Dole a daina ci."

Ta ce, "Ishaya, nan kaɗai nake zuwa in sami maigidana."

Na ɗauka lambun ne abin da ya bari, ga shi ni ne na zo raba ta da shi. Ashe halinsa na kula da mutane ya fi lambun zama a gidan. Ta juye kwandon a ƙasa, ta goge hannu da zane.

"Ɗauko min wayata. Mu fara kiran masu yara."