Yadda Malamina Ya Kai Ɗakin Gwaggona Bainar Jama'a

A lokacin ina ɗaliba a wata makarantar koyon zane-zane a Hartum, ni kaɗai ce 'yar Gadarif a ajinmu. Kullum muna haddace tarihin masu zanen Turai, wa ya ɓullo da wane salo, wa ya zo ya rushe shi. Da aka ce kowa ya zaɓi abin da zai yi bincike a kai, sai na tuna gwaggona da ke garin Mafaza, can yankinmu na Gadarif, wadda ke yi wa bangon ɗakinta ado da farar ƙasa da ja, irin zanen da kakanninmu suka taho da shi daga yamma a hanyar hajji. Malaminmu, wanda muke kira ustaz, ya taɓe baki, ya ce wannan kwalliyar ƙauye ce, amma in je in gwada.

Gwaggo ba ta so ba. Sai da na rantse mata malamina kaɗai zai ga hotunan sannan ta bar ni na ɗauka, har da wanda take tsaye kai ba ɗankwali, hannu duk ƙasa, tana dariya. Na miƙa aikin, ya ba ni makin da bai taka kara ya karya ba, na haƙura.

Bayan na gama na dawo gida, wani ɗan'uwanmu mai shago a kasuwa ya miƙo mini wayarsa. Na duba, sai ga wani baje kolin hotuna da aka yi a birni, ga sunan ustaz da manyan baƙaƙe, ga gwaggona rataye a bango, an rubuta wai wata mata ce da ba a san sunanta ba. Hoton ya riga ya zaga wayoyin Mafaza har ya kai ga mijinta a gaban abokansa. Nan take na kira ustaz. Ko haƙuri bai ba ni ba. Cewa ya yi, "Ku Fallata ai godiya za ku yi, an sa ku cikin tarihi." Fallata shi ne sunan da suke kiranmu da shi, mu da kakanninmu suka taho daga yamma.

Na hau mota sai Mafaza. Na tarar ta yaɓe bangon kaf da laka. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta kawo mini shayi, ta zauna nesa da ni, ta ce, "'Yata, ai kin rantse."

Har yau in na tuna mutumin nan ya samu girma da hannun matar da ya raina, sai in yi da-na-sanin miƙa masa hotunan nan. 'Yan'uwana ɗalibai, abin da danginku suka buɗe muku don ƙauna amana ce, kada ku miƙa wa kowa don yana da digiri. Shi zai sha tafi a birni, ku ne za ku koma gida ku kasa ɗaga ido.