Bijimin Hagu

A gidanmu na Toranke, da an idar da sallar isha sai mu kewaye murhun Kaka Dije, mahaifiyar Babanmu, tana gasa mana gyaɗa a toka tana ba mu tatsuniya. Tsohuwar nan akwai baki. Ko kaza ce ta ɓata mata rai, sai ta saka ta a labari.

Shekarar da muka gama firamare, ni da Hassan abokin tagwaitakata, Baba ya yanke cewa Hassan zai wuce sakandare a Gaya, ni kuwa in zauna in taya Umma aiki. Na sha kuka har na gode Allah.

Wani dare Baba na zaune bakin rumbu yana gyaran igiyar garma, sai Kaka ta ɗaga murya fiye da kullum. Ta ce wani manomi ne yake da shanun huɗa biyu. Duk rani na dama yake ba harawa da dusa da kanwa, na hagu kuwa sai busasshen kara, wai na dama ya fi ƙira. Da ruwa ya sauka ya ɗora musu karkiya. Na dama ya ja, na hagu ya kasa, garma ta dinga karkata. Haka suka wuni suna zagaye gawo ɗaya, maƙwabta na dariya, har lokacin shuka ya wuce.

Baba ya ɗago kai. "Iya, ni ban taɓa jin wannan ba."

"Ina za ka ji ta, Malam? Da kana yaro ai kana da wayo."

Muka ƙunshe dariya. Baba ya naɗe igiyarsa ya shige ɗaki. Ranar kasuwa ya ce in sa hijabi mu je tela ya auna ni yunifom. A kan babur na yi ta hamdala.

Na daɗe ina zaton bijimin hagu kaɗai Kaka ta tausaya wa. Sai bara na gane, da ciwo ya kwantar da Baba, muna karɓa-karɓar jinyarsa da riƙon gida, ni daga makarantar da nake koyarwa, Hassan daga shagonsa. Wata safiya Hassan ya dube ni, idonsa jawur don gajiya, ya ce, "Usaina, da ni kaɗai nake jan nan, wallahi da tuni na durƙushe."