Amanar da Larai Ta Kai Bagega

Larai Makau 'yar ƙasar Zuru ce. Aure ne ya kai ta Gummi, bayan mijin ya rasu kuma neman abinci ya dawo da ita Anka. Tun tana budurwa ta ɗaga hannu a wani taron majami'a ta ce tana so ta yi aikin bishara, amma shekaru suka shuɗe ba wanda ya aike ta ko'ina. Karatunta bai wuce Littafi Mai Tsarki na Hausa ba, shi ma da yatsa take binsa.

Shekarar da gubar dalma ta faɗa wa ƙauyukan masu zinari, aka ɗauke ta aikin wanki a inda ake jinyar yara. Kowace uwa takan zo ta kwashe nata daga igiya kafin la'asar. Sai Larai ta lura da wani ɗan zane da ya yi kwana uku a rataye ba mai nemansa. Ta ninke shi tana bin gadaje tana tambaya, har aka nuna mata wata yarinya 'yar shekara uku daga Sunke, sunanta Zinatu. Ramin zinari ya rufta da uban, uwar ta rasu wurin haihuwa, kakar da ta kawo ta kuma ciwo ya mayar da ita gida. Dalma ta riga ta taɓa yarinyar. Ƙafafu sun saki, baki ya rufe, ko kuka ba ta yi da sauti. Larai ta ce a gaban gadon nan ta gane inda aka daɗe ana shirin aikenta, ashe tsakaninsa da wurin wankinta taku arba'in ne.

Baffan yarinyar, Malam Sufyanu, mai makarantar allo ne a Bagega. Likitoci sun hana a mayar da ita ƙauye sai an kwashe ƙasar da ta gurɓata, shi kuwa ba shi da kowa a Anka. Ya dubi Larai ya daɗe, sannan ya ce zai ba ta riƙo, amma kada ta kai ɗiyar ɗan'uwansa majami'a, kada ta koya mata ibadarsu. Ya ce amana ce. Larai ta karɓa.

Faston majami'arsu ya tambaye ta wace irin bishara ce wannan da za a yi baki a rufe. Ta ce ita dai abin da ta ji an ce mata shi ne ta wanke, ta ciyar, sauran kuma ba a faɗa mata ba tukuna. Kafin shekara huɗu marayu bakwai suka taru a gidanta, biyar daga cikinsu 'ya'yan Musulmi. Ko kaza za ta dafa sai ta kai wa mahauci ya yanka. Ranar Lahadi takan bar biyar ɗin wurin maƙwabciyarta Lubabatu, ta tafi sujada da biyu.

Daminar shekara ta huɗu iska ta yaye rufin majami'a. Matan zumunta na majami'ar suka rasa inda za su koyi waƙa ranar Talata, sai suka zo gindin darbejiyar gidan Larai. Ita a ranta ba ta kai kowa majami'a ba, bai zo mata ba cewa majami'ar ce ta biyo ta gida. Yalwa, mai kiɗan zumunta, ta zauna da tulunta tana bugun bakinsa da soso. Zinatu ta ja jiki daga tabarma har ta iso, ta manna kumatunta a cikin tulun. Haka ta yi Talata biyu. A ta uku, mata suna tsakiyar amshi, sai aka ji wata siririyar murya daga ƙasa tana bin karin waƙar daidai, hawa da sauka, babu kalma ko ɗaya.

Kiɗa ya tsaya. Wasu suka durƙusa a inda suke. Larai ta ɗauki yarinyar ta rungume ta, sai da farin cikin ya ɗan lafa sannan ta tuna waƙar wa ɗiyar Malam ta rera.

Yalwa ta ja ta gefe ta ce ta yi shiru da bakinta, Bagega ba bayan katanga take ba, wa zai kai labari? In Malam ya ji zai karɓe yarinyar, kuma wa ya san yadda ake ba ta koko ba ta shaƙe ba? Larai ba ta musa ba, don duk gaskiya ne. Amma da gari ya waye ta goya Zinatu, yarinya 'yar shekara bakwai ƙafafu na reto, ta hau kabu-kabu sai Bagega.

Ranar Laraba ce, ɗalibai sun tashi. Ta tarar da Malam shi kaɗai a zaure da littafi a buɗe. Ta durƙusa daga bakin ƙofa suka gaisa, sannan ta faɗa masa komai, har da cewa laifinta ne da ba ta yi tunani ba. Fuskarsa ta canja. Ya ce ta aje yarinyar, iyalinsa za su riƙe ta.

Larai ta kwance goyon ta zaunar da ita a buzu. Ta miƙa ƙullin magani, ta ce koko sai ya huce, ta gefen hagu ake ba ta, in jijjiga ta taso a kwantar da ita a gefe kada a danne ta. Ta miƙe ta fita.

Malam ya koma kan karatunsa, yana jan aya da murya kamar yadda ya saba. Larai ba ta kai ƙarshen katanga ba ta ji siririyar muryar nan ta bi bayan tasa. Ya tsaya, yarinyar ta tsaya. Ya ɗora, ta ɗora, duk inda ya ja ta ja. Sau uku yana gwadawa. Sai ga shi ya fito ba takalmi yana kiran Larai, gemunsa a jiƙe.

“Baiwar Allah, da kin yi shiru, wa zai sani?”

“Allah shi gafarta Malam, wanda ya aiko ni zai sani.”

Ya ce shekara huɗu yana roƙon Allah ya ji muryar ɗiyar ɗan'uwansa ko sau ɗaya, kuma bai taɓa zaton ta hannun da za a biyo da ita ba. Ya ce mai ɗauko laifinta ta kawo shi da ƙafarta, ba a karɓe amana daga hannunta.

“Ɗauki ɗiyarki ku koma. Talata in matanku sun zo, a kai ta gidan maƙwabta. Alhamis ba mu karatu, ni zan riƙa zuwa in yi mata nawa.”

“In ta ji tulun ta katanga fa, Malam?”

Ya share fuska da hannun riga, ya ɗan murmusa.

“Katanga ba taki ba ce, ba tawa ba ce. Wannan mu bar wa Mai ita.”

Larai ta sake goya Zinatu. Malam da kansa ya tsayar musu da mai babur, ya riƙe ƙullin maganin har ta gyara zama, sannan ya miƙa mata da hannu biyu.