Fiton da Manus Ya Sayar

Manus McGinley makiyayin tumaki ne a tsaunukan Donegal, mutumin da sai ka yi da gaske kafin ka ji bakinsa. Da 'yarsa Sorcha ta kai shekara huɗu ba ta ce uffan ba, maƙwabta suka ce gado ne. Likita kuwa ya ce lalurar otizam ce, mai hana wasu yara magana, a sa ta a layin jiran asibitin gwamnati. Layin nan ko kunkuru ya fi shi sauri. Dole suka koma wajen mai koyar da magana ta kuɗi a garin Letterkenny, duk ranar Laraba.

Laraba ta zame wa Manus rijiya mai haɗiye kuɗi. Ya sayar da 'yan raguna tun ba su yi ƙiba ba. Matarsa Nuala ta kama aikin wanke-wanke a otal. Duk da haka asusu ya ƙi tsayawa, su kuma sun gaji tiɓis.

Abin da ya rage mai daraja shi ne Nel, karyar kiwon da ya horar da hannunsa. A nan kowane makiyayi da irin fitonsa, kare kuma ba ya jin na wani sai an koya masa. Don haka da Packie, wani makiyayi na ƙetaren kwari, ya saye ta, sai da Manus ya tsaya ya koya masa fiton.

"Kai dai bakinka kamar na tsohuwar tunkiya," in ji Manus. "Sake busawa."

"To, sarkin fito!" in ji Packie. "Yau kuma baki ya buɗe?"

Manus bai yi dariya ba. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ya dawo gida shi kaɗai.

Bayan wata guda, wata yamma, Sorcha ta tsaya a bakin shinge inda ta saba kallon babanta. Ta tattara leɓe, ta busa fiton kiran Nel gida, daidai, ba kuskure. Tun da aka haife ta ba ta taɓa kiran kowa ba.

Nuala ta saki bokitin hannunta. "Manus! Ka ji ta?"

Ya ji. Nel ma ta ji. Sai ga ta ta keto kwarin a guje, jiƙe sharkaf, ta kwanta a ƙafar yarinyar.

Manus ya bar su har aka gama cin abinci. Sannan ya ɗauki Nel ya sa a mota zai mayar wa Packie, don kuɗinta sun riga sun tafi Letterkenny. Yana fita, ya ji Sorcha ta sake busawa a bayansa.