Kifin Mai Jego

Ni ba mai son kamun kifi ba ne, kuma har yau ban zama ba. Mutum da hankalinsa ya zauna a kan dutse, ya zura wa ruwa ido yana jiran wata halitta ta yi kuskure, ban ga abin sha'awa a ciki ba. Amma a lokacin sanyin ƙarshen 2018 kusan babu Juma'ar da ban yi wannan zaman ba, a kan duwatsun da aka jibge a bakin teku can gaba da unguwar Deira a Dubai. Injiniya ne ya ja mini.

Injiniya muke ce masa saboda aikinsa, shi ke kula da injinan sanyi na wasu ɗakunan ajiya a Al Quoz. Ni kuwa ina wani ofishin tura kaya a Al Ras. Ya girme ni nesa ba kusa ba, amma shi Bakabe ne, ni Bakatsine, wasa tsakaninmu gado ne. Ranar da muka fara haɗuwa a masallaci, da ya ji garinmu sai ya ce, "Alhamdu lillahi, yau na tsinci bawana a Dubai." Tun daga nan muka ƙulle, matanmu ma suka ƙulle.

A shekarar 2018 ɗin ne matarsa, wadda muke kira Hajiya, ta samu ciki, bayan aurensu ya haura shekara goma ba ko ɓatan wata. Sai da cikin ya fito sosai ya gaya mini, kuma a ranar ya nuna mini sandar fatsa sabuwa dal, da takardar izinin kamun kifi da ya nemo. Ya ce a gidansu, can bakin gulbi, mai jego ba ta fara cin nama sai ta sha romon kifin da mijinta ya kamo da hannunsa bayan ta sauka. Ba na saye ba, ba na kyauta ba. Shi da kansa zai shigo da shi tsakar gida, mata su rangaɗa guɗa. Kakansa ya yi, ubansa ya yi. Macen da ba a yi wa haka ba, in ji shi, har ta tsufa tana jin kamar ba a shaida haihuwarta ba. Hajiya 'yar gidan ce, 'yar baffansa, ta ga an yi wa ƙannenta ɗaya bayan ɗaya tana tsaye tana taya su guɗa.

Matsalar ita ce Injiniya ɗan masunta ne a baki kawai. Tun yana ƙarami aka tura shi makarantar kwana, hannunsa sifana ya sani. Saboda haka ya ce zai yi ta gwaji kafin ranar ta zo, ni kuma aka ɗaura mini riƙon bokiti.

Da mun idar da sallar Asuba sai ya ɗauko ni a motarsa. Kafin rana ta fito mun zauna. Wurin yana da kyau, wannan ba zan hana shi ba. Fararen tsuntsayen teku da ke zuwa da sanyi suna ta shawagi suna ihu, wasu baƙaƙe masu dogon wuya kuma su nutse su fito da kifi a baki. Ƙaguwa na ta kai da komo a tsagar duwatsu. Ga maguna, ramammu, kowacce ta zaɓi mai fatsar da za ta zauna kusa da shi. Mu dai ba su daɗe a wurinmu ba. Ko kyanwa ta gane inda babu alheri.

Na ce masa, "Injiniya, don girman Allah, ga kasuwar kifi nan kusa. Hamur ne, sheri ne, sai wanda ka zaɓa. Mu saya, in jiƙa maka wando da ruwan teku, shi ke nan. Wa zai sani?"

Ya ce, "Ita za ta sani. Ku Katsinawa mi kunka sani ga ruwa in ba na buta ba?"

Da farko dunƙulen dusa da tuwo yake maƙala wa ƙugiya, yadda ya ga ana yi a gida. Kifin teku ko kallo bai ishe shi ba. Sai da muka sha zama ya haƙura ya koma jatan lande, irin wanda Indiyawa da 'yan Filifin da ke gefenmu suke sakawa. Nan ma ƙananan kifaye ne kamar yatsa suke cinye abin su bar masa ƙarfe. In ya ciro ɗaya sai ya ɗaga shi ya dube shi da takaici, ya ce wannan ko a miyar marayu ba a sa shi, ya mayar.

Wata safiya muka iso muka tarar wurin ba kowa. Injiniya ya juya gabas, ya kare ido da tafin hannu, ya daɗe yana duba. Ni ma na duba, domin haka muka tashi muka ga ana yi: hadari daga gabas yake tasowa, in gabas ta yi fes to ka fita harkarka. Sama tas, ko ɗigon gajimare babu. Ya ce, "Yalla, yau ruwa namu na mu kaɗai." Ashe a ƙasar nan iskar da ake tsoro, wadda suke kira shamal, daga arewa maso yamma take zuwa, ta kan teku, kuma ba ta aiko da gajimare. Muna cikin ɗaura ƙugiya ruwan ya rikiɗe ya yi duhu. Igiyar farko ta jiƙa mu, ta biyu ta tafi da bokiti da takalmina ɗaya. Da rarrafe muka bar duwatsun. A mota na zazzaga masa masifa har muryata ta dushe, shi kuwa yana ta dariya haƙoransa na kaɗawa don sanyi.

Da muka isa gidansa a haka, Hajiya ta leƙo daga kicin, hannu ɗaya a ƙugu, ta dube mu sama da ƙasa. Ta ce, "Sannunku da su. Ina kifin, ko yana tafe a tasi?" Ta kawo mana shayi mai citta. Ta ce wa mijinta ya rufa mata asiri ya daina, kada a bar ta da jariri ba uba a kan kifi. Amma matata ta gaya mini daga baya cewa Hajiya ta riga ta sayi sabuwar tukunya a kasuwar Naif ta ɓoye, ta ce ba za a ɗora ta a wuta ba sai ranar. Har daddawa da kimba ta sa wata 'yar kasuwa ta taho mata da su daga Kano.

Naƙuda ta zo a watan Fabrairu, kafin lokacin da likita ya faɗa. Mahaifiyar Hajiya da za ta zo zaman jego bizarta ba ta fito ba tukuna. Ina ofis da hantsi ya kira ni ya ce an samu mace. Na yi masa barka, na ce saura kifi, ya ce, "Bari kai dai, Bakatsine." Kafin La'asar ya sake kira. Yarinyar ta yi kuka, ya yi mata huɗuba, ya raɗa mata suna a kunne, sannan numfashinta ya fara sarƙewa. Likitoci sun yi iya yinsu. Ta koma.

Mu kaɗan ne a maƙabartar Al Quoz. Ba a buƙaci makara ba, a hannunsa ya ɗauke ta. Na sha zuwa jana'iza a rayuwata, amma ban taɓa jin abin da na ji a ranar ba, ganin ƙaton mutum yana tafiya a hankali kamar kada ya tashe ta daga barci. Na yi kuka, ban ɓoye ba.

Matata ta tare a gidansu. Ita ta riƙa yi wa Hajiya wanka da ruwan da ake dafawa a butar lantarki, da ganyen darbejiya da na riƙa tsinkowa a bakin titi ina waige-waige. 'Yan uwanmu mazauna garin sun zo gaisuwa, Allah ya saka musu. Sai dai kowa abu ɗaya yake faɗa: Allah ya ba da mai zama, ai da sauran lokaci, a yi haƙuri. Babu wanda ya ce mata barka da sauka, don wa zai iya? Wata ma cewa ta yi gara da abin ya zo da wuri, tun ba a shaƙu ba. Na ji wannan daga falo, kuma da ba mace ba ce da na fitar da ita.

Hajiya ta daina cin abinci. Ruwan nono ya zo, ƙirjinta ya kumbura, ga zazzaɓi. Matata ta dama kunun kanwa ta kai mata, ta ture. Ta ce, "Wannan na masu jego ne. Ni me na haifa?" Aka yi lallashi, aka yi faɗa, aka haɗa ta da mahaifiyarta a waya. Sai ta kurɓi ruwa ta juya fuska bango. Kullum ƙara zubewa take yi, har likita ya ce in ta ci gaba a haka sai an mayar da ita asibiti.

Ranar Juma'a bayan Asuba na ji hon a ƙofar gidanmu. Na sauko na ga Injiniya, ga sandar fatsa a kujerar baya. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Na ce, "Haba Injiniya! Matarka na kwance ba ci ba sha, ko sati ba a yi ba, kai kuma teku za ka? Me mutane za su ce?"

Bai kalle ni ba. Ya ce, "Shigo. Ban da mai riƙa mini bokiti."

Hazon teku ya sauka a safiyar nan, fari, mai laima, ko dogayen benayen da ke bayanmu ba a gani. Ruwan ya kwanta luf. Ana jin kukan tsuntsaye amma ba a ganin su. Ba mu yi wasa ba, ba mu yi hira ba. Yana jefawa, yana jira, yana naɗowa, ƙugiya ba komai, ya sake ɗaurawa. Can wani kunkurun ruwa ya ɗago kai kusa da mu, ya ja numfashi ya koma. Da a da ne da mun yi ta surutu a kansa.

Rana ta fara cinye hazon, zafi ya fara taɓa wuya. Na fara tunanin yadda zan ce masa mu tafi kada mu rasa Juma'a. Sai sandar ta lanƙwashe. Ya miƙe tsaye, ƙafarsa ta zame, na cafke shi ta bayan riga. Ya yi ta naɗowa yana bismilla a hankali. Sheri ne, mai ruwan toka da ɗigon shuɗi a kumatu, tsawonsa bai wuce daga gwiwar hannu zuwa yatsu ba. A kasuwa ba wanda zai waiwaye shi. Ya cire ƙugiyar, ya sa kifin a bokiti, ya zauna a kan dutsen ya rufe fuska da hularsa. Na juya na kalli wani wajen har ya gama.

Gidan nasu ɗaki ɗaya ne da falo, abin da aka faɗa a ciki ana jin sa a waje. Na zauna a falo. Ya cire takalmi, ya ɗauki bokitin, ya tsaya a ƙofar ɗakin ya yi sallama da ƙarfi, irin ta mai shiga babban gida. Sannan ya kira ta da sunan da bai taɓa kiran ta da shi ba. Ya ce uwar wance, ya ambaci sunan yarinyar.

Ya ce, "Ga kifin mai jego."

Matata ta fito, idonta jawur. Ba ta iya guɗa ba, ni ma ban so ta yi ba. Ta karɓi bokitin ta shiga kicin, na ji tana buɗe kwalin sabuwar tukunya. Ƙamshin daddawa da kimba ya cika gidan. Muka tafi masallaci muka dawo, romo ya nuna.

Shi ya ɗauki kwanon ya kai mata. Na ji ƙarar cokali a jikin kwano, sannan na ji muryar Hajiya, ta dushe har da ƙyar na gane ta.

Ta ce, "Don nono ake sha. Wa zai sha nonon?"

Ni da matata muna zaune, kowa ya sunkuyar da kai.

Ya ce, "Ba kowa. Amma kin haihu, ni shaida ne. Sha."

Kukan da ta yi a lokacin ba ta yi irinsa a asibiti ba, in ji matata, ba ta yi ba ranar da aka fita da gawar. Ya ɗauki lokaci. Da ya lafa, sai muka ji cokali ya sake taɓa kwano.